Yadda ake shiga ƙauye a Fiji ba tare da ka yi abin kunya ba

Fiji dai tarin tsibirai ne sama da 300 a tekun Fasifik, babban birninsu Suva amma jirgi a Nadi zai sauke ka, su kuma "Nandi" suke cewa, to ka kiyaye tun daga nan. Gaisuwa bula, godiya vinaka.

In za ka ƙauye kar ka je hannu rabbana. Ka biya kasuwa ka sayi ƙullin saiwar yaqona, wato kava, wani tsiro da ake dama garin saiwarsa a sha, ita ake miƙa wa mai gari a matsayin gaisuwar baƙo, sevusevu suke kiranta, sai ya karɓa sannan kake da izinin yawo. Hula da tabarau cire su tun a bakin gari, takalmi a ƙofar ɗaki, ka ɗaura sulu (zani ne, maza ma shi suke ɗaurawa), kuma don Allah kar ka shafa kan kowa ko da yaro ne, kai abu ne mai daraja sosai a wajensu.

Za a zauna kan tabarma a dama kavar a akushi a miƙo maka a ƙoƙon kwakwa, ka tafa sau ɗaya ka ce bula ka shanye gaba ɗaya ka tafa sau uku. Ba giya ba ce amma tana kashe harshe tana saukar da jiki, wanda bai so ya ba da haƙuri cikin ladabi.

Abinci kuwa ka tambaya kafin ka ci, lovo da suke gasawa a rami sau da yawa akwai alade. Akwai Musulmi cikin jikokin Indiyawan da Turawan Ingila suka fara kawowa noman rake a 1879, masallatai suna nan a Suva da Lautoka.