Yadda na gyara hoton auren iyayenmu da danshi ya ɓata

Hoton auren iyayenmu, wanda aka ɗauka a Agege, ya rine ya koma jaja-jaja, kuma danshin Legas ya bar masa ɗige-ɗigen fumfuna a fuskar Baba da gefen mayafin Inna. Da na ɗauke shi da waya, hasken fitila ya riƙa ƙyalli a kan takardar. Manhajojin waya masu gyara da kansu kuwa sun goge tsagar gadon da ke kumatun Baba, suka ba ni fuskar wani mutum daban, abin da ba zan yarda da shi ba.

Daga nan na kai hoton shagon da ke da sikana, na ce a kashe gyaran launi na atomatik, a ɗauka a kan 600 dpi (wato ɗigo 600 a kowane inci), a adana hoton a tsarin fayil na TIFF maimakon JPEG, domin JPEG yana rage inganci duk lokacin da aka sake adanawa. A GIMP, manhajar gyaran hoto ta kwamfuta wadda kyauta ce, na fara kwafe shimfiɗar hoton don asalin ya zauna yadda yake. Sannan na shiga Colors, na zaɓi Levels, na ɗauki alamar zaɓen fari na taɓa rawanin Baba, nan take jan ya washe.

Fumfunar ce ta ci lokaci. Na ƙara girman hoton zuwa 200%, na ɗauki Heal, wato abin goge tabo, da ƙaramin buroshi, ina danne maɓallin Ctrl in zaɓi wuri mai kyau dab da kowane ɗigo kafin in shafa, kuma a fuska ban taɓa komai ba sai ɗigon kansa.

Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta. TIFF ɗin yana kan filashi biyu, JPEG na tura wa 'yan'uwa, takardar kuwa na raba ta da ledar da ke riƙe mata danshi.