Katawut a mota mai turbo: kurakuran da aka fi yi a karkararmu da gyaransu

Motoci masu turbo, wato fankar da hayaƙi ke juyawa ta tura wa inji ƙarin iska, sun fara yawa a garuruwanmu. Daga Wudil zuwa Gaya, daga Kazaure zuwa Ringim, za ka ga matashi da Golf GTI, ko BMW 335i, ko Mercedes C300 ƙirar 2015 zuwa sama, kuma da yawansu burinsu ɗaya ne: a ji rugugin motar tun kafin a gan ta. Shi ya sa ake neman katawut, wato ƙaramar ƙofar nan da ake yanka bututun salansa a dasa ta, in an buɗe hayaƙi ya fice kai tsaye ba tare da ya bi ta tukunyar da ke kashe ƙara ba, in an rufe mota ta koma shiru. Abin yana da amfaninsa, domin turbo na son hayaƙi ya samu hanya a bayansa. Duk lokacin da aka rage masa cunkoso, yakan tashi da wuri. Matsalar ita ce mafi yawan masu saye sun zaɓi nasu ne daga bidiyon motar da ke yawo a kan kwalta mai santsi a Amurka ko Dubai, alhali tasu motar burji za ta bi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne wurin dasawa. Mai walda zai leƙa ƙarƙashin mota, ya ga inda hannunsa ya fi kaiwa, ya ce: "Alhaji, nan ya fi sauƙi." Sauƙinsa yake dubawa, ba lafiyar injinka ba. A bayan turbo akwai bututun da ke gangarowa, a jikinsa akwai sensar iskar oksijin, sai katalis mai tace hayaƙi, wanda makanikai ke ce wa indomi, sannan wata sensar a bayansa. Da waɗannan sensoshi ne kwakwalwar mota ke sanin yawan man da za ta ba inji. In aka dasa katawut a gabansu, ko dab da su, iskar waje kan kutso ta bakin da aka buɗe, sensa ta karanta ƙarya, kwakwalwa ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara zubawa. Daga nan sai shan mai, sai baƙin hayaƙi, sai fitilar cek ta kama a dashbod. In kuwa a gaban katalis aka yanka, sensar baya ba za ta ga hayaƙin da take jira ba, ita ma ta kai ƙara. Gyaran shi ne a mayar da shi bayan katalis da sensar ƙarshe, a bar tazarar kamar ƙafa biyu, amma ya zama yana gaban tukunyar salansa. Motar da bututunta ya rabu biyu kuma, ko dai a dasa kafin rabuwar, ko a sayi guda biyu. Guda ɗaya a gefe ɗaya rabin aiki ne.

Kada kuma wani ya lallashe ka ka cire katalis gaba ɗaya da sunan ƙarin gudu. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma sau da yawa mai ba ka wannan shawarar ya riga ya san wanda zai saya.

Sai girma. Mutane na ganin wanda ya fi faɗi ya fi kyau, wasu kuma su ɗauki duk wanda suka tarar da araha. A auna faɗin bututun motar daga waje kafin a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko a yi oda: inci 2.5 kimanin milimita 63 ne, inci 3 kuma milimita 76. A sayi daidai da bututun. Ƙarami yana shaƙe hanyar da ake son buɗewa, babba kuma yana jawo ƙare-ƙaren walda, kuma kowace walda wuri ne da yoyo zai iya ɓullowa.

Wanda nake so a tsaya a kai sosai shi ne abin da ke faruwa da turbon kansa. A jikinsa akwai wata 'yar ƙofa da ke kewaye hayaƙi idan matsin iska ya kai iyakar da kamfani ya tsara. An ƙera girman ƙofar nan ne bisa lissafin salansar da motar ta zo da ita. Da ka buɗe katawut, cunkoson baya ya ragu, a wasu motocin ƙofar ba ta iya kwashe hayaƙin da ya kamata, sai matsin ya ci gaba da hawa yayin da inji ke ƙara juyawa. Sabuwar mota takan kare kanta: ta nuna lambar P0234 a na'urar bincike, ta rage ƙarfi, ka taka totur har ƙasa tana tafiya kamar mai ciwo. Tsohuwa, ko wadda aka taɓa wa kwakwalwa ba bisa ƙa'ida ba, ita ba ta da wannan garkuwar. Haɗa wannan da zafin watan Afrilu da man 'yan bumburutu da ba ka san da me aka gauraya shi ba, ka ga yadda fistin ke narkewa. Don haka kafin a buɗe katawut a taka mota da ƙarfi, a saka agogon auna matsin turbo, ko a jona na'urar bincike a kalli lambar yayin gwaji. In matsin ya wuce yadda yake lokacin da katawut ke rufe kuma yana ci gaba da hawa, a ɗaga ƙafa, a kai motar wurin wanda ya san aikin kwakwalwa da gaske, ko da sai an shiga Kano.

Kuma mutum ya rage buri. In katalis na nan kuma salansar asali mai kyau ce, ƙarfin da za a samu ba mai yawa ba ne; abin da ya fi fitowa shi ne turbo ya amsa da wuri. Ƙarar ma ba za ta kai ta mota marar turbo ba, saboda fankar turbo tana cinye wani ɓangare na sautin. Na ga masu sake yanka salansa suna neman rugugin da injinsu ba zai taɓa bayarwa ba.

Zaɓen iri kuwa, hanyarka ce za ta yanke hukunci. Akwai mai lantarki da ake buɗewa da maɓalli ko rimot, akwai mai waya da ake ja da hannu, akwai wanda matsin turbo ke buɗewa da kansa ta wani siririn tiyo, akwai kuma mai murfi da noti da sai an shiga ƙarƙashin mota. Mai lantarki ya fi daɗin sha'ani, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa a wajenmu. Ƙaramin injinsa yana rataye ne a ƙarƙashin mota, zafin bututu na gasa shi, ƙurar hunturu na shiga haƙoransa, ga damina. Duk wanda ya bi yankin Haɗeja ko Auyo a watan Agusta ya san ruwan da mota ke ratsawa. In dole sai mai lantarkin, a juya injinsa ya kalli sama ko gefe, kada ya zama shi ne mafi kusa da ƙasa, a sa masa farantin kare zafi, a naɗe wayoyinsa nesa da bututu, a sa fis. Sannan a daina danne maɓalli bayan ƙofa ta kai ƙarshe, haka ake cinye haƙoran. Ni dai ga mai zama a ƙauye, mai waya ko mai bin matsin turbo nake zaɓa, domin ba su da abin da ruwa zai ƙona. Jikinsa kuma ya zama ƙarfe marar tsatsa, lamba 304 in da hali. Mai araha na ƙarfen banza damina ɗaya ko biyu yake yi ƙofar ta cije.

Bayan an gama walda, a sauke motar daga jak, a sa mutane su cika ta, a durƙusa a duba. In katawut ya fi sauran ƙarƙashin motar saukowa, tudun rage gudu na farko ko kunyar da tayoyin manyan motoci suka bari a burji za ta fizge shi.

Akwai kuskuren da ba kuɗi kaɗai yake ci ba: barin bakin katawut a buɗe haka nan, ba tare da gwiwar bututun da za ta karkatar da hayaƙi ba. Hayaƙin injin fetur a bakin turbo yana iya kaiwa digiri 900, kuma ko ya iso tsakiyar mota da sauran zafinsa. In yana dukan tankin mai, ko bututun birki, ko robobin ƙafa, ana gina hatsari ne a hankali. Mafi muni, yana taruwa a ƙarƙashin bodi ya shigo ciki ta ramuka, kuma iskar kabon monoksaid da ke cikinsa ba ta da launi ba ta da wari. Direba ya fara ciwon kai da jiri da gyangyaɗi a kan hanya, ya ɗauka gajiya ce, ga iyali a kujerar baya, gilasai a rufe saboda esi. A sa gwiwa mai kai hayaƙi gefe da baya, har ya fita daga ƙarƙashin mazaunin fasinja. Kada a karkatar da ita ta kalli ƙasa tsaye: a burji za ta riƙa tayar da ƙurar da matatar iska za ta sha, da kaka kuma in aka tsaya a kan busasshiyar ciyawa ko karan gero a bakin gona, wuta na iya tashi. Kuma ba a barin mota tana aiki a tsaye da katawut a buɗe, balle a cikin gareji.

Wasu sun dasa lafiya, sai su bar shi a rufe wata da watanni. Baƙin hayaƙi ya daskare a bakin ƙofar, ranar da aka so buɗewa ta ƙi, ko ta buɗe ta ƙi rufuwa ruf, a riƙa jin tsit-tsit da karkarwar ƙarfe. A riƙa buɗewa da rufewa duk mako, a sake ɗaure notuna bayan makon farko saboda zafi da sanyi na sassauta su, a canza gasket da zarar an ga baƙin tabo a gefensa.

Amfanin katawut a kan salansar da aka fasa gaba ɗaya shi ne yana rufuwa, to a rufe shi inda ya dace. Cikin gari, kusa da masallaci da asibiti da makaranta, da dare bayan isha, a rufe. Ranar Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari, inda ake kora shanu a bakin titi, ƙara ɗaya na iya firgita garke ya afka wa mutane. Jami'an kiyaye haɗurra da na duba lafiyar motoci ma suna da hurumin tsayar da mota mai ƙara da hayaƙi fiye da kima, kuma mai unguwa zai riga su aiko maka.