Yadda Ake Zaɓen Mahaɗan Bututu a Injin Jirgin Sama Haɗin Gida: Alminiyam ko Baƙin Ƙarfe

A Amurka da wasu ƙasashe doka ta yarda mutum ya haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa, muddin shi ne ya yi mafi yawan aikin, kuma wannan dama tana ɗora masa nauyin yanke shawara a kan abubuwan da injiniyoyin kamfani suka saba yankewa. Ɗaya daga cikinsu shi ne mahaɗi, wato ɗan ƙarfen nan mai tiredi da ake murɗawa a jikin inji domin a jona masa tiyon fetur ko na baƙin mai. Girmansa bai wuce babban yatsa ba, amma idan ya karye a sama, ko dai man inji ya tsiyaye cikin mintuna kaɗan, ko kuma fetur ya fesu a kan salansa mai zafi. Ra'ayina a bayyane yake: duk mahaɗin da aka murɗa a jikin injin kansa, wanda mai ke bi ta cikinsa da matsi kuma tiyo ke rataye da shi, ya kamata ya zama na baƙin ƙarfe.

Ka fara da sanin abin da ke hannunka. Mahaɗan jiragen sama suna bin ma'aunin da ake kira AN, wanda rundunonin sojan Amurka suka tsara, kuma lambar kowanne tana faɗin siffarsa da girmansa da irin ƙarfensa. AN816 miƙaƙƙe ne, AN822 gwiwa ce mai digiri 90, AN823 kuma mai digiri 45. Lambar da ke biye tana nuna kaurin bututu, ana ƙirga ta da ɗaya bisa sha shida na inci, saboda haka 4 rubu'in inci ne, 8 kuwa rabin inci. Harafin D a ƙarshe yana nufin alminiyam, inda babu harafi kuma baƙin ƙarfe ne. A al'ada na alminiyam shuɗi ne, na baƙin ƙarfe kuma baƙi ko mai ɗan ruwan ɗorawa, amma kada ka dogara da launi kaɗai, domin masu ƙera kayan motocin tsere suna rina alminiyam da kowane launi har da baƙi. Ka kanga masa maganaɗisu: baƙin ƙarfe zai kama, alminiyam ba zai kama ba. Galibin ƙarfen da ba ya tsatsa shi ma ba ya kamawa, sai dai nauyinsa a tafin hannu zai bambanta maka shi.

Daga nan sai ka tsaya a gaban injin da takarda, ka rubuta kowace kafa da mahaɗi zai shiga, kana tambayar kanka ko wurin yana jijjiga tare da inji, da kuma abin da zai faru idan ya karye. A nan ne ya kamata ka daɗe, domin jijjiga ita ce babbar matsalar. Injin jirgi mai silinda huɗu, ƙirar kamfanin Lycoming ko Continental, yana girgiza a kan robobin da ke riƙe da shi a duk lokacin da yake aiki, kuma ya fi yin fizga wajen tayarwa da wajen kashewa. Tiyon da ke rataye a bakin mahaɗi yana lanƙwasa shi kaɗan kaɗan, sau miliyoyi, kamar yadda ake karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya. Baƙin ƙarfe yana da wani mizani na nauyi wanda idan ba a ƙetare shi ba zai iya jure wannan lanƙwasa kusan ba iyaka, alhali alminiyam ba shi da irin wannan mizani, kowace girgiza tana rage masa kwana komai ƙanƙantarta. Tsagewar takan fara ne a gindin tiredi, daidai inda mahaɗin ya nutse cikin jikin inji, wurin da ido ba ya kaiwa, kuma ƙaramin mahaɗi mai tiredin ɗaya bisa takwas na inci ya fi kowanne haɗari saboda ƙarfen da ya rage tsakanin raminsa da tiredinsa siriri ne ƙwarai.

An riga an ga wannan a jiragen kamfani. A shekarar 1990 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarni game da bututun baƙin mai da ke bi ta wajen wasu injunan Lycoming zuwa farfela, inda ta ce a cire mahaɗan alminiyam a sa na baƙin ƙarfe, saboda karyewarsu tana zubar da man inji.

Sai batun wuta. Alminiyam yana narkewa a kusan digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, kuma yana rasa ƙarfinsa tun kafin ya kai can, yayin da baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,400. Gwajin da ake yi wa kayan da ke ɗakin inji ana yin sa ne da harshen wuta mai zafin kusan digiri 1,100, na minti 15 ga abin da za a ce wuta ba ta cinsa. Wanda ya kashe kuɗi ya sa wa tiyonsa rigar kariyar wuta, sannan ya jona shi da mahaɗin da zai riga tiyon narkewa, ya bar aikinsa rabi da rabi.

Da wannan za ka raba jerin naka. Famfon fetur, kafireto ko na'urar fesa mai, kafar auna matsin baƙin mai, bututun farfela da kafofin da ke kai mai wurin sanyaya shi, duka a ba su baƙin ƙarfe. Bayan bangon da ya raba inji da matuƙi, inda bututun alminiyam ke kwance a jikin jirgi babu zafi babu fizga, mahaɗin alminiyam ya wadatar, kuma shi ne daidai. Gaskiya ne cewa akwai jirage da yawa da suka daɗe suna tashi da manyan mahaɗan alminiyam a jikin inji ba tare da matsala ba, kuma Lycoming kansa yana amfani da alminiyam a bututun da ke mayar da mai daga kan silinda, inda babu matsi. Gaskiya ne kuma cewa baƙin ƙarfe ya kusa ninka alminiyam sau uku a nauyi. Amma mahaɗan da ake magana a kansu 'yan ƙalilan ne, kuma ban ga hikimar sayen wannan ɗan sauƙin nauyi da irin wancan haɗari ba.

Wajen ɗauri, ka tuna cewa baƙin ƙarfe ya fi ramin da zai shiga ƙarfi, tun da gangar jikin injin ta alminiyam ce. Tiredin bututu yana ƙara kauri yayin da yake shiga, don haka idan ka matsa fiye da kima jikin injin ne zai tsage. Ka shafa man toshe tiredi kaɗan, ka bar zagaye ɗaya ko biyu na farko babu komai, kuma ka nisanci farin tef ɗin masu gyaran famfo, domin ɓarɓashinsa yana toshe ƙananan hanyoyin mai. Idan gwiwa ta wuce inda kake so ta fuskanta, kada ka mayar da ita baya, ka cire ta ka sake. Ɗaya bakin mahaɗin, inda notin tiyo ke hawa, mai gangaren digiri 37, ba a shafa masa komai, kuma ba ya zama da kayan mota masu digiri 45 ko da tiredin ya shiga. Ka riƙe mahaɗin da sifana ɗaya, ka ɗaure notin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri bisa jadawalin littafin FAA mai lamba AC 43.13-1B, kuma idan alminiyam da baƙin ƙarfe suka haɗu ka bi adadin alminiyam, wanda shi ne ƙarami.

Baƙin ƙarfe ma yana karyewa idan aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Kada ka murɗa na'urar auna matsi kai tsaye a jikin inji. Ka kafa ta a bangon da ya raba inji da matuƙi, ka kai mata mai da tiyo mai laushi ta mahaɗi mai ƙaramin rami, yadda ko tiyon ya fashe man zai fita ne a hankali. Kowane tiyo ya samu rarar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na tsawonsa, kada ya murɗe, kuma a riƙe shi da maɗauri domin nauyinsa ya sauka daga kan mahaɗin.

Bayan ka gama, ka ɗiga fenti a kan kowane noti har ya taɓa mahaɗin, domin layin ya tsinke idan notin ya motsa. Ka tayar da injin a ƙasa, ka kashe, ka goge kowace mahaɗa da farin ƙyalle kana neman danshin mai ko shuɗin tabon fetur ɗin jirgi. Ka maimaita haka bayan kowane tashi a sa'o'in gwaji na farko, sannan a binciken shekara shekara. Mahaɗin da ya fara naso a gindin tiredi bayan ya daɗe a bushe ba a ƙara masa ɗauri, cire shi ake yi a duba shi da madubin ƙara girma, domin naso irin wannan sau da yawa alamar tsagewa ce.