Masu tafiya da yaro a jirgi, ga dabara

'Yan uwa mata, kafin tafiya ku sayo ƙananan kayan wasa masu araha. Ku naɗe kowanne daban cikin takarda, ku ɓoye.

A jirgi, sai ya fara ƙosawa ku fitar da ɗaya.

Sabon abu ke riƙe hankalin yaro, kwance takardar ma wasa ne. Njamena zuwa Faris kusan awa 6 ne. In kun zube masa duka, kafin a kawo abinci ya gaji da su.

Don Allah ban da ƙwallo, gangarawa take ƙarƙashin kujeru.

Lokacin sauka dabarar ba ta ci, kunnensa ke ciwo. Ku ba shi nono ko ruwa ya riƙa haɗiya.