Kafin a sa maka waya a haƙori: kurakuran da ake yi wajen zaɓen likita

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya duba madubi ya yanke wa kansa hukunci cewa matsalarsa ƙarama ce: haƙoran gaba biyu ne suka hau juna, don haka kowane likita zai iya. Madubi kuwa gaba kawai yake nunawa. Yadda turamen sama ke sauka a kan na ƙasa, da zaman muƙamuƙi, da halin da saiwoyin haƙora suke ciki a cikin ƙashi, nan ainihin aikin yake, kuma ba a ganinsu sai da hoton ƙashi da awo. Tun a 1899 Edward Angle, likitan Amurka da ake ɗauka uban fannin daidaita haƙora da waya, ya kasa matsalolin cizo gida uku bisa haɗuwar turame, kuma har yau ana amfani da rabon nasa.

Daga nan sai ɗauka cewa duk likitan haƙori ɗaya ne. Ƙwararren mai daidaita haƙora shi ma likitan haƙori ne, amma ya ƙara shekara 2 zuwa 3 yana koyon motsa haƙora da girman muƙamuƙi. A ƙasashe da yawa doka ta yarda likitan haƙori na gama-gari ya sa waya, kuma akwai masu yin aiki mai kyau idan cunkoson kaɗan ne, cizon kuma daidai yake. Shawarata dai ita ce a bar ƙwararren ya faɗa ko aikin mai sauƙi ne. Ganinsa sau ɗaya bai wajabta maka yin aikin a wurinsa ba.

Ga dalilin da ya sa na nace. Idan waya ta matsa haƙori, ƙashin da ke gefen da ake turawa yana narkewa a hankali, sabo kuma yana ginuwa a ɗaya gefen. Jiki ke yin wannan, a kan saurinsa. Shi ya sa aikin kan ɗauki shekara 1 zuwa 3, ana komawa gyara duk bayan mako 4 zuwa 8. Idan matsin ya yi yawa saiwar haƙori na iya gajarcewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Idan aka turo haƙori waje fiye da inda ƙashi ya kai, dasashi sai ya janye. Saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin gamawa cikin 'yan watanni bai ko ɗauki hoto ba, ka nemi wani. Haka batun cire lafiyayyen haƙori don a samu fili: wani lokaci dole ne, amma ka ji ta bakin ƙwararre tukuna.

Iyaye kuma kan jira sai yaro ya gama famfara. Ƙungiyar ƙwararrun fannin ta Amurka ta ba da shawarar a duba yaro yana shekara 7. Yawanci ba a sa komai a lokacin, sa ido ake yi. Amma muƙamuƙin da ke girma ana iya yi masa jagora, na babba kuwa idan bambancin ya yi yawa sai an haɗa da tiyata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai masu kuskure ta ɗaya ɓangaren: da zarar an sa waya sai su daina zuwa wurin likitan haƙorinsu na kullum. Shi ne zai cike kogo ya magance ciwon dasashi kafin a fara, shi ne kuma zai riƙa wanke haƙoran, domin dattin da ke maƙalewa a jikin ƙarafan yana barin farin tabo a haƙori.

Robar nan mai garai-garai da ake sawa a cire a madadin waya, irin Invisalign, ba ta rage buƙatar ƙwarewa. Ana son ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 kullum, kuma likita ne ke tsara tafiyar kowane haƙori.

Kafin ka amince, tambayi likitan horon da ya yi a wannan fanni, da hotunan aiki irin naka da ya kammala, da wanda zai tura ka wurinsa idan abu ya rikice. Ka tambayi abin riƙe haƙora da ake sawa bayan an cire waya, ko yana cikin kuɗin da aka faɗa maka, domin haƙora kan nemi komawa inda suka fito, kuma mutane da yawa sai sun riƙa kwana da shi shekara da shekaru.