Yanda ake tarar iyali tun kafin a watso musu kaya waje

Wata safiya a Rigasa da ke Kaduna na tarar da kayan wata baiwar Allah a bakin layi, katifa jingine da bangon maƙwabta, kwanuka cikin buhun siminti, yaranta uku zaune kan tabarma, ƙaramin yana riƙe da kofin koko ya kasa sha. Da muka bincika ashe an yi watanni da ba ta takardar tashi, mijin ya rasu, ita kuma kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Ƴar ƙungiyarmu ta unguwa a ranar mun haɗa abinda ya sawwaƙa, amma wlh kuɗin da muka kashe wajen sabon ɗaki da kuɗin ejan da akori-kura ya fi bashin hayar da ake bin ta nesa ba kusa ba. Shi yasa nake rubuta wannan ga duk matasan da suke son su fara irin wannan aikin a unguwarsu, ko Tudun Wada ko Kawo ko Kakuri ko Hayin Banki. Aikin gaba ɗaya a kan samun labari da wuri yake.

To ta ina labarin zai zo muku tunda mutane ɓoyewa suke yi? Ku riƙe mutanen da suke ganin cikin gidaje. Mai shagon layi ya san wanda littafin bashinsa ya yi tsawo, malamin Islamiyya ya san yaran da aka dena biya wa kuɗin wata, mai kitso da ungozoma kuwa babu abinda ba sa ji. Ku zauna da su ku ce dan Allah in kun ga gidan da abu ya tsananta ku raɗa mana, ba zai wuce mu ba. Kuma dole ƙungiya ta zama da mata a ciki, domin gidan da aka rubuta ba a shiga namiji iyakarsa zaure, sannan mace ta fi sakin jiki da ƴar uwarta. In an je kar a fara da “mun ji ana bin ku kuɗin haya”, wannan tozarci ne. A gaisa, a tambayi yara, a ce Maman su ya gida ya haƙuri, da kanta zata buɗe maganar.

Idan ta buɗe sai a ɗauko littafi. Nawa ne kuɗin ɗakin a shekara, nawa ake bi, tun yaushe, akwai takardar yarjejeniya, akwai risit na biyan baya, in an ba da notis wace rana ce a jiki, waye ya sa hannu, mai gidan ne ko ejan. Sai babbar tambaya: me ya jawo? Don akwai wanda rashin lafiya ce ta cinye kuɗin ko an ƙwace masa babur, wannan in an tallafa masa sau ɗaya zai miƙe. Akwai kuma wanda ɗakin ne ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, abinci da kuɗin mota suka cinye abinda ake ajiyewa. Irin wannan ko kun biya bana baɗi zaku dawo wuri ɗaya, gara ku roƙa masa lokaci ku taya shi neman ɗaki mai sauƙi, ko da ciki da falo zai koma ciki ɗaya.

Ku san doka kaɗan, ba don faɗa ba, don kar a tsorata ku. Mai gida ba shi da ikon ya cire kwanon rufi ko ya ɓalle ƙofa ko ya turo ƙarti su fitar da kaya da kansa, kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya. Tsarin da aka saba a dokokin haya a Najeriya shi ne mai biyan shekara a ba shi notis na wata 6, mai biyan wata-wata a ba shi wata 1, in dai ba a rubuta wani abu daban a yarjejeniya ba, bayan nan sai wata takardar ta kwana 7 da ke nuna za a tafi kotu. Amma abinda ke cikin takardar yarjejeniya da yawan bashin da ya taru suna iya canza lissafin, don haka ku ɗauki takardun ku kai wa lauya ya karanta. Hukumar Legal Aid Council tana taimakon marasa ƙarfi kyauta, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana tsaya wa mata da yara. In sammaci ya zo dan Allah kar ɗan haya ya ɓoye ya ƙi zuwa, rashin zuwa kotu shi yake sa a yanke hukunci ba a ji ta bakinka ba.

Zuwa wajen mai gida shi ne inda aka fi ɓata abu, kuma shi ne inda aka fi gyarawa. Matasa da yawa da zafi suke zuwa kamar sun zo wajen azzalumi, alhali wani mai gidan tsohon ɗan fansho ne da kuɗin ɗakunan nan yake sayen magani, wani gidan ma na marayu ne, haƙƙinsu ne ake riƙe da shi. Kar ku je ku kaɗai, ku ɗauki wanda yake jin kunyarsa, limamin masallacin da yake sallah ko faston cocinsa ko mai unguwa, kuma ku fara zuwa wajen mai unguwar ku ce ranka ya daɗe ga abinda ke tafe da mu. Kar ku je hannu rabbana. Ko kashi ɗaya cikin uku na bashin ne ku riƙe, don mutumin da ya gaji da jin gobe jibi ba zai saurari wani alƙawarin baki ba. Na taɓa zama gaban wani dattijo da ya rantse sai ɗan hayarsa ya tashi, liman ya ce “Alhaji mun san haƙƙinka ne, ba mu zo musu ba, alfarma muka zo nema”, muka ajiye kuɗin a kan darduma, ya daɗe yana kallon su yana jan carbi sannan ya ce saura a riƙa kawo masa duk ƙarshen wata. Duk abinda aka amince a rubuta a take, nawa aka bayar, nawa ya rage, wace rana, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi, a ɗauki hotonta a waya. Kuma kar ku yi alƙawarin da asusunku ba zai iya ba, in kun saɓa sau ɗaya kun rufe ƙofar ga na bayan ku.

Maganar kuɗi a taƙaice: a biya mai gida kai tsaye, tiransifa ko hannu da hannu, risit ya fito da sunan ɗan hayar. Ba rashin yarda ba ne, gidan da babu abinci in kuɗi ya shiga tukunya zai fara tafiya, ni ma da haka zan yi, shi yasa in da hali a haɗa da ɗan kwanon masara ko shinkafa. Asusun ƙungiya kar ya zama akawun ɗin mutum ɗaya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, duk wata a tura lissafin shiga da fita a guruf ɗin WhatsApp ba tare da sunayen waɗanda aka taimaka ba. In abin ya girma ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don ku buɗe akawun da sunan ƙungiya. Masu fitar da zakka ku tuna musu cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas ɗin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya, kar a ɗauki bidiyon mace tana kuka a sa a Facebook ko TikTok da sunan neman taimako. Yaranta zasu girma su gani, ƴan ajinsu ma zasu gani. Rufin asiri muka zo yi.

Wani lokacin kuma babu notis babu komai, gobara ce ko ambaliya, duk wanda ya zauna wajen Kigo Road ko Rafin Guza ya san yanda kogin Kaduna yake yi a watan Agusta da Satumba. A nan daren farko ake fara tunani: ina mata da yara zasu kwana, wa zai ajiye musu kayan da suka tsira, akwai mai shan maganin hawan jini ko suga da maganin ya tafi da ruwa. Tun kafin damina ku san gidaje biyu ko uku da suka yarda su sauki mata na ƴan kwanaki, kar a bar su a kango ba ƙofa. A rubuta sunayen gidajen da abin ya shafa da adadin mutane a kai wa mai unguwa da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, don da wannan jerin ake rabon agaji in ya zo. In kuwa mace duka ne ya koro ta, kar ku ce lallai ta koma a daren, a sama mata wuri wajen danginta tukuna a kai ta asibiti in da rauni, sulhu ya biyo baya a gaban manya.

Ranar da aka biya bashi ranar za a fara tara na baɗi. A ce ɗakin dubu 120 ne a shekara, dubu 10 kenan a wata, wajen naira 350 a rana, mai tuyar awara ko ƙosai in ta samu ɗan jari zata iya jefawa a asusu ko ta shiga adashe a sa kwasarta ta faɗo kusa da lokacin biya. In tana tsoron kuɗin zai narke a hannunta ma'ajin ƙungiya ya riƙe mata, da littafinta a hannunta ana sa hannu duk zubi. Ku rubuta ranar da hayar kowane gida zata ƙare a littafinku, saura wata 3 wata daga cikin matan ƙungiya ta leƙa ta gaishe su ta ji nawa aka tara.