Yadda za ka tsara darasin gudun miƙa sanda kafin intahaus

'Yan uwa malaman motsa jiki, abin da ke kashe mana darasi shi ne mu cika allo da rubutu yara su kwafa, ko mu fita fili yaro sittin su tsaya a layi guda suna jira, firiyod ɗin minti 40 ya ƙare wani bai yi gudu ko na minti biyu ba. To ga yadda nake ganin ya kamata a tsara rile, wato gudun miƙa sanda, na 4x100 (mutum huɗu, kowa mita ɗari) a sati shida, tunda yawanci a zango na biyu ake intahaus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta.

Ka fara daga ƙarshe. Kafin ka taɓa lesin not ka rubuta abin da kake so yaro ya iya ranar ƙarshe: ya karɓi sanda yana gudu, bai waiwayo ba, kuma cikin wurin da doka ta ware. Wurin nan mita 30 ne yanzu, da 20 ne aka canza a 2018, kuma inda sandar take ake dubawa ba inda ƙafar yaro take ba. Duk abin da ba zai kai ka ga wannan ba ka cire shi daga tsarin.

Kar ka ce babu kaya. Sandar gasa tsawonta santimita 28 zuwa 30 ne, ka sayi fayif na ruwa ka yanka guda goma sha biyar, ko karan dawa mai kauri, layi kuma toka ta isa. Yara huɗu sanda ɗaya, shikenan kowa na aiki.

Satin farko ka nuna musu abin gaba ɗayansa, ka bari su yi yadda suka ga dama, sanda ta yi ta faɗuwa, sannan ka tara su ka tambaya me ya sa take faɗuwa? Su da kansu za su ce Malam wane ya tsaya cak, wane bai buɗe hannu ba, kaga sun gano matsalar kafin ka faɗa.

Sati na biyu da na uku nan ne aikin yake, kar ka yi sauri wallahi. A tsaye za a fara, mai karɓa ya miƙa hannu baya ya buɗe tafi, mai bayarwa ya ɗora masa, daga nan a tafiya, sai sassarfa, gudu sai can ƙarshe. Na farko ya riƙe a dama ya ba na biyu a hagu, shi ya ba na uku a dama, na huɗu ya karɓa a hagu, ta haka babu mai canza hannu yana gudu. Su zaɓi kalma ɗaya, ko "hannu" ko "karɓi", sai an faɗa ake miƙa hannu. Waiwaye ne zai fi ba ka wahala don yaro bai yarda ɗan uwansa zai iso ba, maganinsa maimaici da abokin gudu ɗaya, kar ka riƙa canza musu.

Sati na huɗu ka koya musu alamar tashi, mai karɓa ya ƙirga taku baya ya sa toka, da zarar mai zuwa ya taka ya tashi da ƙarfi, in an cim masa da wuri a ƙara taku in ba a kamo shi ba a rage. Na biyar cikakken gudu tare da doka, misali wanda ya yar da sanda shi zai ɗauka. Na shida gwaji, waɗanda ba sa gudu su riƙe takarda suna duba abu ukun nan da muka fara da su, karɓa a guje, rashin waiwaye da miƙawa cikin wurin doka, makin a kan miƙawa yake ba a kan wanda ya zo na ɗaya ba.

Kowane darasi minti biyar zuwa bakwai na ɗumama jiki, musamman da sanyin hunturu, kuma ka san masu asma saboda ƙura. Mata a ba su rukuninsu da dogon wando, kar a bar su a gindin bishiya, ka faɗa musu su Mary Onyali 'yan Najeriya sun ciyo tagulla a wannan gudun a Barcelona 1992. In azumi ya shigo ka mayar da darasin farkon safiya ka tsaya kan miƙawa a tafiya da sassarfa.